Tambayoyi da Amsoshi Kan Samfuran Naman Jiki da Ake Nazarin Bayofim da Su

Akwai cututtukan da gwajin ɗakin bincike yake nuna cewa maganinsu yana hannu, amma idan aka ba majiyyaci maganin sai ciwon ya lafa na ɗan lokaci, ya sake tasowa. Gyambon ƙafar mai ciwon suga, da ciwon huhu mai daɗewa, da cutar da ke maƙalewa a robar fitsari ko a ƙarfen da aka dasa a ƙashi duk suna cikin wannan rukuni. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi hanyoyin da masu bincike suke bi don kwaikwayon irin waɗannan cututtuka a wajen jikin mutum.

Mene ne bayofim?

Bayofim taron bakteriya ne da suka manne wa juna, ko suka manne wa wani abu, sannan suka lulluɓe kansu da yauƙin da su da kansu suke fitarwa. Yauƙin ya ƙunshi dogayen sarƙoƙin suga, da furotin, da sinadarin gado na DNA wanda yawancinsa ya fito daga 'yan uwansu da suka mutu. Santsin da ake ji a cikin bututun ruwa bayofim ne, haka ma dauɗar da ke taruwa a gindin haƙori.

Tun a 1683 Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya kankaro dauɗar haƙorinsa, ya duba ta da madubin da ya haɗa da hannunsa, ya ga ƙananan halittu suna motsi a ciki. Ya kuma lura cewa kurkure baki da ruwan tsami na kashe na saman dauɗar kawai, na can ciki ba ya kai musu. Sai bayan kusan shekara 300 aka ɗauki wannan al'amari da muhimmanci a fannin likitanci, a shekarun 1970, lokacin da Niels Høiby ya ga curin bakteriyar Pseudomonas aeruginosa a kakin masu cutar sistik faibrosis (cutar gado da ke cika huhu da majina mai kauri) a birnin Kopenhagen, shi kuma Bill Costerton na Jami'ar Kalgari ta Kanada ya fito da bayanin yadda bakteriya ke mannewa a 1978.

Me ya sa magani yake gazawa a kansa?

Dalilan suna da yawa, kuma suna aiki tare. Wasu magunguna, kamar tobramaisin, suna maƙalewa a jikin yauƙin kafin su nutsa. Bakteriyar da ke saman curin suna cinye iskar oksijin, don haka na ciki suna zaune cikin ƙarancin iska da abinci, ba sa girma, ba sa rabuwa. Yawancin magungunan kashe bakteriya kuwa ƙwayar da ke aiki suke kamawa, wadda take gina bangonta ko take kwafar sinadarin gadonta. Wadda ta kwanta ta yi lamo, maganin ba ya samun abin da zai kama a jikinta. Akwai kuma wasu 'yan tsirarun ƙwayoyi da suke shiga wani irin dogon barci su tsira, waɗanda Joseph Bigger ya fara bayyanawa a 1944 sa'ad da yake gwajin fenisilin.

Sakamakon haka, adadin maganin da ake bukata don kashe bakteriya a cikin bayofim yakan ninka na waɗanda ke yawo a ruwa sau 10 zuwa sau 1,000. Wannan juriya ta bambanta da bijire wa magani da bakteriya ke gada. Idan aka wargaza curin aka saki ƙwayoyin cikin ruwa, sau da yawa maganin da ya gaza ɗazu sai ya kashe su. Abin da ya kare su yanayin zamansu ne, shi ya sa gwajin da bai kwaikwayi wannan yanayi ba yake iya ba da amsar da ba ta da amfani ga likita.

Me ake nufi da samfurin naman jiki?

Ana nufin duk wani tsari da aka shirya a ɗakin gwaje-gwaje don ya tsaya a madadin fata, ko huhu, ko mafitsara, ko dasashi, ta yadda bakteriya za su zauna a kansa kamar yadda suke zama a jikin mutum. Wasu samfuran ba su da rai ko kaɗan, kamar daskararren kolajin (furotin ɗin da ke riƙe fata da nama) ko gudan jini. Wasu yankakken nama ne da aka ɗebo daga dabbar da aka riga aka yanka, ko ragowar fatar da aka cire wa mutum a tiyata bisa yardarsa. Wasu kuma gina su ake yi daga ƙwayoyin halittar ɗan Adam da aka raina a cikin kwano har suka jeru suka zama nama.

Farantin roba da aka saba amfani da shi bai wadatar ba ne?

Ya wadatar ga wasu tambayoyi, kuma ba abin rainawa ba ne. Farantin mai ramuka 96 yana ba da damar gwada abubuwa da yawa a rana ɗaya da kuɗi kaɗan. Ana barin bakteriya su manne wa bangon ramin, a wanke, a rina da shuɗin rini, a auna duhunsa. A 1999 masu bincike a Kalgari suka fito da murfi mai turaku 96 da ke nutsewa cikin ramukan, bayofim ya girma a jikin turakun, sai a ɗaga murfin a tsoma shi cikin magunguna daban-daban. Da irin waɗannan kayan aka gano ƙwayoyin gado masu yawa da ke sarrafa mannewa.

Matsalar ita ce abin da ke tsirowa a kan roba ko gilashi bai yi kama da abin da ake samu a jikin majiyyaci ba. Hotunan da suka shahara, masu nuna Pseudomonas ta yi tsiri-tsiri kamar naman kaza, daga ƙarƙashin ruwa mai gudu a kan gilashi aka ɗauke su. Da Thomas Bjarnsholt da abokan aikinsa suka tattara abin da aka gani a ainihin naman majiyyata, a 2013, sai suka iske ƙananan curi ne, mafi yawansu tsakanin maikiromita 5 zuwa 200 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a nutse cikin majina ko mataccen nama, fararen ƙwayoyin jini sun kewaye su, kuma sau da yawa ba su manne wa komai ba. Ruwan abincin da ake rainon bakteriya a ciki ma wani abu ne. Wanda ake amfani da shi a gwajin asibiti na yau da kullum an zaɓe shi ne don ya ba da sakamako iri ɗaya ko'ina a duniya, ba don ya yi kama da ruwan gyambo ba. A ganina wannan shi ne babban giɓin da samfuran naman jiki suka zo cikewa, kuma ya fi batun siffa muhimmanci, domin abin da bakteriya take ci shi ke yanke hukuncin ƙwayoyin gadon da za ta kunna.

Me ya hana a dogara ga dabbobi kawai?

Dabba tana da abin da babu samfurin da ya mallaka gaba ɗaya, wato jini mai gudana da cikakkiyar garkuwar jiki. Amma ɓera ba ƙaramin mutum ba ne. Fatarsa sako-sako ce, kuma akwai siririn tsoka a ƙarƙashinta da ke jawo bakin rauni ya tsuke cikin kwanaki, alhali raunin mutum sabon nama ne yake cike shi a hankali. Ɓerayen da aka sauya wa ƙwayar gadon sistik faibrosis ba sa kamuwa da ciwon huhu irin na mutane. Idan aka zuba wa ɓera bakteriya a huhu, ko dai ya kawar da su nan da nan ko su kashe shi, shi ya sa tun 1979 ake cusa ƙwayoyin cikin ƙananan ƙwallayen aga, wani daskararren abu mai kama da jeli, kafin a saka su a huhun dabba don cutar ta daɗe.

Sannan akwai batun tausayi da doka. A 1959 William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa ƙa'idoji uku: a musanya dabba da wani abu in zai yiwu, a rage yawan dabbobin, a kuma sassauta wahalarsu. Dokar Tarayyar Turai ta 2010 kan dabbobin bincike a kan waɗannan ƙa'idoji ta ginu, kuma a Disamban 2022 Amurka ta cire sharaɗin da ya wajabta gwada kowane sabon magani a kan dabba kafin a kai ga mutane.

Yaya ake kwaikwayon gyambo?

Wannan fanni ne da aka fi yin aiki a kansa, kuma da dalili. Wani bincike na 2008 ya duba naman rauni da madubin lantarki ya sami bayofim a kashi 60 cikin 100 na raunuka masu daɗewa, amma kashi 6 kacal a sababbin raunuka.

A wannan shekarar ce aka wallafa samfurin da ake kira da sunan garin Lubbock na jihar Teksas. Ana haɗa ruwan abinci da ruwan jinin saniya, rabi da rabi, a ƙara ɗan jinin doki da aka farfasa ƙwayoyinsa, sannan a zuba bakteriya iri uku da aka saba samu tare a gyambo: Pseudomonas aeruginosa, da Staphylococcus aureus, da Enterococcus faecalis. Cikin kwana ɗaya ake samun curi mai kauri da za a iya ɗagawa a aza a kan wani faranti a rufe da bandeji. Abin sha'awa shi ne Staphylococcus aureus tana da sinadarin da ke daskarar da ruwan jini, don haka ita da kanta take samar da gudan da sauran suke shiga su zauna. Kuma a cikin wannan haɗi nau'o'in suna zama tare, alhali a ruwan abinci na yau da kullum Pseudomonas takan hallaka Staphylococcus cikin ɗan lokaci.

Mataki na gaba shi ne fatar alade, wadda ta fi ta kowace dabbar gwaji kama da ta mutum a kauri da tsari. Ana aske ta, a yanka ƙananan da'irori, a ƙwaƙule ɗan rami a tsakiyar kowace, a kashe ƙwayoyin da suka zo da ita, a zuba waɗanda ake son nazari, a bar su kamar kwana uku su balaga. Amfanin nama na gaske shi ne bakteriya suna nutsewa cikinsa. An gani a gyambon majiyyata cewa Staphylococcus ta fi zama kusa da sama, Pseudomonas kuwa ta fi yin ƙasa, wanda ke nufin audugar da aka shafa a saman rauni na iya rasa ta, maganin shafawa ma na iya kasa kai mata. Farantin roba ba shi da zurfi, don haka ba zai taɓa nuna wannan ba.

Huhu fa?

Misalin da ya fi sauƙin fahimta shi ne wanda Freya Harrison da abokan aikinta suka ɓullo da shi a Ingila daga 2014. Ana karɓo huhun alade daga mahauta jim kaɗan bayan yanka, a ciro ƙananan bututun iska, a wanke, a yayyanka su murabba'i-murabba'i kamar milimita 5. Kowane yanki ana aza shi a ramin faranti, a ɗauki allura a taɓa bakteriya a ɗan soke naman da ita, sannan a kewaye shi da wani ruwa da aka haɗa don ya yi daidai da sinadaran kakin mai sistik faibrosis. Ana ajiye farantin a zafin digiri 37, wato zafin jikin mutum, kuma bayan kwana biyu sai a ga yauƙi ya lulluɓe naman.

A cikin wannan samfuri Staphylococcus aureus tana taruwa ne a cikin majina, kamar yadda ake gani a huhun mutane, ba ta yin maruru a cikin nama kamar yadda take yi a ɓera. Kuma tun da naman ragowar yanka ne, ba a kashe wata dabba don binciken ba. Rauninsa a fili yake: babu numfashi, babu jini, babu sababbin fararen ƙwayoyin jini da za su iso, kuma huhun wannan dabba yakan bambanta da na waccan, don haka dole a maimaita gwaji da huhu da yawa.

Wata hanyar ita ce a raini ƙwayoyin halittar bututun iskar mutum a kan siririyar matata, abinci a ƙasa, iska a sama. Bayan makonni uku zuwa huɗu sukan fitar da majina, su tsirar da ƙananan gasu masu kaɗawa kamar na ainihin hanyar iska.

Za a iya gina fatar mutum a ɗakin gwaje-gwaje?

Za a iya, kuma ana sayar da ita. Tushen aikin ya koma 1975, lokacin da James Rheinwald da Howard Green suka gano yadda ake rainon ƙwayoyin saman fata su yi ta yawaita. Idan aka shimfiɗa su a kan kolajin mai ɗauke da ƙwayoyin ƙasan fata, aka bar samansu a buɗe ga iska na kusan mako biyu, sukan jeru hawa-hawa har su yi busasshen saman da ke kare fata. Fatun da ake sayarwa irin su EpiDerm da EpiSkin sun bunƙasa ne saboda masana'antar kayan kwalliya, musamman bayan Tarayyar Turai ta kammala haramta gwajin kayan kwalliya a kan dabbobi a 2013, daga baya masu nazarin cututtuka suka ara. Ana ƙona fatar da ƙarfe mai zafi ko a huda ta, a zuba bakteriya.

Fifikonta shi ne tana da rai, don haka tana mayar da martani. Ana iya auna sinadaran kumburi da take fitarwa, a ga ko raunin yana rufewa, a kuma gane ko maganin da ya kashe bakteriya ya kashe fatar ma, wanda ba ƙaramar tambaya ba ce ga magungunan wanke rauni. Sai dai ba ta da jijiyoyin jini ko ramukan gashi, tana da tsada, kuma bakteriya mai zafi kamar Pseudomonas na iya cinye ta cikin kwana ɗaya ko biyu. A nan akwai abin da ya kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba: cutar da ake kira mai daɗewa a asibiti tana yin watanni ko shekaru, samfurin da ke kwaikwayonta kuwa sau da yawa kwanaki kaɗan yake rayuwa.

Ina matsayin ƙananan gaɓoɓin da ake rainawa da waɗanda ake ginawa a kan guntun roba?

A 2009 Toshiro Sato da Hans Clevers a birnin Utrecht suka nuna cewa ƙwayar asali ɗaya ta hanji, wato wadda sauran ƙwayoyin hanji ke fitowa daga gare ta, na iya girma ta zama ƙaramin ƙwallo mai tsarin hanji. Irin waɗannan ana iya yin su daga naman majiyyaci takamaimai. Wahalarsu ita ce fuskar da bakteriya ke haɗuwa da ita a jiki tana cikin ƙwallon, sai an yi allura ko an buɗe shi an shimfiɗa. A 2010 kuma Cibiyar Wyss ta Jami'ar Harvard ta fito da huhu a kan guntun roba mai laushi: ƙananan hanyoyi biyu, ɗaya ta iska ɗaya ta ruwa, da tantani a tsakani da ake miƙewa a saki kamar numfashi. Gudun ruwan yana kwashe dafin bakteriya, yana kuma ba da damar shigo da fararen ƙwayoyin jini. Ana sa musu rai sosai, amma suna bukatar gwaninta da kayan aiki, kuma robar da aka fi yin su da ita tana tsotse wasu magunguna, abin da ke rikita lissafin adadin da ya isa ga bakteriya.

Akwai samfuran haƙori da mafitsara?

Akwai. Ga haƙori ana amfani da faifan ma'adinin da ya yi daidai da na haƙori, ko yankin haƙorin saniya, a jiƙa shi da miyau a zuba nau'o'in bakteriyar baki tare. Ga mafitsara, David Stickler na Jami'ar Kadif ya yi amfani da tulun gilashi mai ɗumi da aka zura wa robar fitsari ta gaske, fitsari na ɗiga a ciki. Da shi aka nuna yadda bakteriyar Proteus mirabilis ke mayar da fitsari mai kaifi irin na kanwa, gishirin ma'adinai su daskare su toshe robar.

Ta yaya ake sanin cewa magani ya yi aiki?

Hanyar da aka fi bi ita ce a niƙa naman ko a girgiza shi da sautin da ke ɓamɓare ƙwayoyin, a tsarma, a shuka a faranti, a ƙirga abin da ya tsiro. Tana da tarko biyu. Curin da bai wargaje ba zai tsiro a matsayin ɗaya ko da ƙwayoyi dubu ne a cikinsa, sannan idan ba a kashe ƙarfin maganin ba kafin niƙawa, zai ci gaba da kisa a cikin kwalbar gwaji, a ɗauka a cikin nama ya yi aikin. Shuɗin rinin nan kuwa ba ya bambanta rayayye da matacce, kuma yana rina naman kansa. Shi ya sa ake haɗawa da madubi mai hasken leza da rini biyu, kore ga masu rai, ja ga waɗanda bangonsu ya fashe, ko a yanka naman siri-siri a ga inda bakteriyar suke zaune.

Adadi ma yana ruɗi. Kashe kashi 99 cikin 100 na ƙwayoyi miliyan 100 yana barin miliyan ɗaya da rai, waɗanda za su iya mayar da abin yadda yake cikin kwana ɗaya. Gwajin da ya tsaya a ranar da aka cire magani, bai jira ya ga ko za su sake tsirowa ba, bai amsa tambayar da ta dami likita ba.

Waɗanne magunguna ake gwadawa a kan waɗannan samfura?

Ana gwada bandeji masu azurfa ko aidin, da haɗin magunguna biyu, da ƙwayoyin bairos masu cin bakteriya, da sinadaran da ke narkar da yauƙi, da waɗanda ke toshe saƙonnin da bakteriya ke aika wa juna. Azurfa misali ne mai kyau na amfanin samfuri na gaske, domin tana kisa sosai a ruwa mai tsabta, amma furotin da gishirin da ke cikin ruwan rauni suna kama ta su rage mata ƙarfi. Haɗin magungunan kolistin da siprofuloksasin shi ma daga nazarin bayofim aka fahimci hikimarsa: na biyun yana kashe Pseudomonas masu aiki a sama, na farkon yana kashe masu barci a ciki. An kuma nuna cewa bayan an kankare bayofim, wanda ya sake tsirowa yana da rauni ga magani na kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya mayar da juriyarsa, kuma wannan na daga cikin hujjojin kankare gyambo a kai a kai tare da sa magani nan take.

Asibitoci suna amfani da su wajen zaɓa wa majiyyaci magani?

Ba a aikin yau da kullum ba. Gwajin da asibitoci ke yi har yanzu a kan bakteriya masu yawo a ruwa ne, kuma hukumomin da ke tsara ƙa'idojinsa a Turai da Amurka ba su fitar da ma'aunin da za a fassara gwajin bayofim da shi ba. Da aka gwada zaɓar magani ga masu sistik faibrosis ta hanyar bayofim ɗin da aka raina a kan turakun roba, ba a ga ya fi hanyar da aka saba ba. Wasu na ganin wannan ya nuna gazawar robar ce, ba ta tunanin ba, amma sai an yi irin wannan gwaji da samfuran nama kafin a tabbatar.

Me mai karanta rahoton bincike ya kamata ya duba?

Ya duba shekarun bayofim ɗin, domin na awa shida bai balaga ba, kuma hana shi kafuwa ya fi kawar da kafaffe sauƙi nesa ba kusa ba. Ya duba ko bakteriyar daga majiyyata aka samo su, ko kuwa nau'in ɗakin gwaje-gwaje ne kamar Pseudomonas ɗin da ake kira PAO1, wanda aka ware daga wani rauni a Melbon ta Ostareliya tun shekarun 1950 kuma ake ta rainonsa a kwano tun daga lokacin. Ya duba ko akwai ruwan jini ko majina a cikin gwajin, da ko adadin maganin da aka zuba abu ne da jikin mutum zai iya ɗauka a wurin da cutar take. Sannan ya duba yawan dabbobi ko mutanen da naman ya fito daga gare su, domin yanka goma daga huhu ɗaya ba maimaici goma ba ne, huhu ɗaya ne aka gwada sau goma.